Huji na Bakwai

Litinin

Kawu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan da sauƙi. Ƙafar Mama ta sace, amma kunnen ya tafi gaba ɗaya, yanzu ko tukunya ce ta faɗi a bayanta ba ta waiwayowa. Na kira lambarka har na gaji, shi ya sa na ba direban da ke zuwa wajenku wannan takarda.

Wata huɗu ke nan da rasuwar Auta, kuma akwai abin da ya bari wanda ya hana ni sakat. Tun da kunnen Mama ya fara mutuwa ta daina zama a falo in an kunna fim, ta ce ganin baki yana motsi babu magana haushi yake ba ta. Wata rana babbar mota ta wuce ta ƙofar gida har gilashin taga ya yi rawa, sai Mama ta dafe ƙirji ta ce ta ji wannan. Auta ya riƙe maganar. Ya ce zai haɗa mata akwatin sauti irin wanda ake ajiyewa a ƙasa, mai fitar da dukan nan mai nauyi, wanda kuke ce wa wufa, don ta riƙa jin fim a jikinta tunda kunne ya ƙi. Sati uku yana bi ta shagon abokinsa kafinta in ya tashi aiki. Ya gama akwatin, ya goge, ya yi masa fenti, ya shigo da shi falo ranar Alhamis. Ranar Asabar mota ta buge shi.

Akwatin yana nan gefen kujerar Mama, da ƙaton rami a gabansa inda lasifika za ta zauna. Kullum da safe sai ta goge shi da gefen ɗankwalinta, sannan ta zauna ta tasa shi gaba. Abinci sai na yi da gaske take cin cokali uku. Likita ya duba bai ga komai ba, ni kuwa na san abin da ke cin ta. Jiya ina gyara mata gashi ta ce, "Ya ce zan ji." 

Amfilifayar da ya saya, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, tana cikin kwalinta. Lasifikar ce babu. Kafinta ya ce Auta ya gaya masa tana nan, zuwa kawai zai yi ya ɗauko, amma na bi shagunan kayan sauti ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ce an ba shi ajiya. Ni tela ce, Kawu, almakashi na sani. Ban manta shekara shida kuka yi ba ku ga maciji da Auta ba, amma ba ni da wani da ya san aikin nan sai kai. Na auna da tef ɗin ɗinkina: faɗin ramin inci goma sha ɗaya da 'yan kai, tsayin akwatin goma sha takwas. Don Allah ka gaya min wace iri zan saya.

'Yarka

*

Asabar

'Yata,

Takardarki ta iso hannuna lafiya. Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya ba Yaya lafiya. Mu nan lafiya ƙalau, sai idanuna da suka fara yi min gardama, in zan kama waya da dalma sai na fito bakin ƙofa. Wayar hannu kuwa tana cikin aljihun tebur, ba na son ta. Magana ta awo a takarda ake yin ta.

To, ki saurara. Wanda ya san aiki ba ya fara da akwati. Lasifika ake fara zaɓa, a san halinta, sannan a yanka mata akwati daidai iskar da take so a bayanta. In ya yi mata kaɗan sai ta shaƙe, in ya yi yawa sai ta yi ta lilo ba ƙarfi. Ke tela ce, kin taɓa ɗinka riga sannan ki fita titi neman wanda za ta yi wa daidai? Wannan na sha gaya wa yaron nan a shekara huɗun da ya yi a shagona, amma shi tun da ma gaggawa ce ke gabansa.

Awon da kika aiko bai ishe ni ba. Na ciki nake so, ba na waje ba: tsayi, faɗi da zurfi. Ki duba kaurin katakon. Ki duba ko a rufe yake ruf, ko akwai bututun iska a jikinsa.

In kin shiga kasuwa kada lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ki. Za su nuna miki mai ƙarfin wat dubu, su ce tana tashin unguwa. Ta masu kiɗan taro ce, ihu gare ta, ba ta sauka ƙasa, kuma Yaya ba ihu take bukata ba. Ki nemi mai inci goma sha biyu, mai maganaɗisu mai nauyi, wadda robar gefenta take da laushi. Ki sa yatsu biyar ki danna tsakiyarta a hankali, ta shiga ta dawo ba tare da kin ji karce ba. Ki kai kunnenki kusa ki ƙwanƙwasa ta da yatsa. In kin ji "kwas" ki ajiye, in kin ji "dum" can ƙasa, to an fara magana. Ki tambaya om nawa ce, wani awo ne da ake rubutawa a jikinta, ki duba bayan amfilifayar ki ga ko sun dace.

In ba a samu wadda ta yi daidai ba, a ture wannan akwatin gefe, a sayi lasifika tukuna, a yi mata sabo. Katako ne kawai.

Ki gaishe da Yaya.

Kawunki

*

Laraba

Kawu,

Ina gaishe ka. Allah ya ƙara wa idon sauƙi. Mama tana nan yadda take, sai ma abin da ya ƙaru, zanenta yanzu sau biyu yake zagaye ta.

Na karanta takardarka sau uku ko zan ga wurin da ka ce ka yi kewarsa, ban gani ba. Katako ne kawai? Kawu, mutumin nan yana ƙasa wata biyar, har yanzu gyara masa aiki kake yi? Ranar rasuwa ka zo ka zauna a waje, ba ka shigo ɗakin 'yar'uwarka ba sai da za ka tafi, kuma ko minti biyar ba ka yi ba. Mama ba ta ji, amma tana gani. Na yi shiru a lokacin saboda kai babba ne. Yau kam raina ya ɓaci, kuma gara in faɗa.

Ka tambaye ni ko na taɓa ɗinka riga ba mai ita. Na taɓa mana. Rigunan Mama duk ba ta gabana nake yanka su, don awonta yana kaina. Ba kowa ne ya fara da yanka yake wawa ba.

Duk da haka na bi maganarka, na shiga kasuwa ranar Litinin. Na danna, na ƙwanƙwasa, na kara kunne, yaran shago suna ta ƙunshe dariya, ɗaya ma ya ce, "Hajiya, kankana kika zo saya?" Ban kula shi ba. Na zaɓi wata mai inci goma sha biyu da ta ce "dum", na ɗauko ta a kan cinyata har gida. Kafinta ya zo, ya ɗora ta a bakin ramin, ta ƙi shiga. Ƙarfen bayanta ya fi ramin faɗi da kamar kaurin yatsa, hujin sukurunta ma ba su hau kan na akwatin ba. Ya ce abu ne mai sauƙi, a ɗan buɗa ramin a huda sababbi. Ya fito da zartonsa.

Mama ba ta ji abin da muke cewa ba, zarton ta gani. Matar da sai an riƙe ta take miƙewa, sai ga ta ta taso da kanta ta zauna daram a kan akwatin. Ta ce, "Ba wanda zai taɓa yankan ɗana." Kafinta ya mayar da zartonsa jaka, ya fita yana share ido da hannun riga. Washegari na mayar da lasifikar.

Ga awon da ka nema, na ciki: tsayi goma sha shida da rabi, faɗi goma sha huɗu da rabi, zurfi goma sha uku. Kaurin katakon kashi uku cikin huɗu na inci. A rufe yake ruf, babu bututu, ya bi duk kusurwoyin da gam, ya shimfiɗa auduga a ciki. In wannan aikin mai gaggawa ne, to ban san na mai natsuwa ba.

'Yarka

*

Lahadi

Kawu,

Barka da war haka, da fatan kuna lafiya. Sati bakwai ke nan ba amsa. Duk ranar da direba ya shigo sai na aika a tambaye shi, har ya fara jin nauyina. In maganata ce ta ɓata maka rai, ka yi haƙuri, bakina ya yi kaifi, kuma ba haka aka rene ni ba. Amma kada ka hukunta Mama da laifina. Satin da ya wuce sai da aka ƙara mata ruwa. Ta dawo gida, abin da ta fara nema shi ne ɗankwalin goge akwati.

Tunda ramin ba zai taɓu ba, na yi abin da na iya. Na ɗauko takardar da nake fitar da yankan riga, na manna ta a gaban akwatin, na bi bakin ramin da fensir, na huda duk inda sukuru zai shiga. Ga ta nan a naɗe cikin ambulan. Na yi guda biyu, ɗaya ina yawo da ita shago-shago ina ɗorawa a kan lasifikoki, har yanzu ba wadda ta hau.

Za ka ga hujin guda takwas ne. Bakwai suna kan layi, tazararsu ɗaya, amma in ka fara ƙirga daga sama ta hannun dama, na bakwai ya kauce, ya matsa kusa da na takwas da kamar rabin inci. Ba hannuna ne ya goce ba, haka yake a jikin katakon. Kafinta ya ce ya nuna wa Auta tun ranar da ya huda shi, Auta ya ce a bar shi, haka yake so. Na san abin da za ka ce a kan wannan, don Allah ka riƙe shi a cikinka. Sunan lasifika kawai nake roƙo.

'Yarka

*

Alhamis

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Yaya, Allah ya tashi kafaɗunta. Ba fushi na yi ba. An yi min aikin yana a ido, aka ɗaure min idon aka hana ni karatu. Takardunki biyu suna ƙarƙashin matashina tun da suka zo. Maƙwabcina mai walda ya ce ya karanta min, na ƙi, don maganar gida ce. Shekaranjiya likita ya sake ni, na karanta su a jere. Abin da kika faɗa a ta farko gaskiya ne, ba sai kin ba ni haƙuri ba.

Da na ga awon ciki sai na ga kamar na san lambobin, amma na ce ko dacewa ce. Sai na warware takardar ɗinkinki a kan tebur, na ga huji na bakwai. 'Yata, nan take na gane shi.

A saman kantar shagona akwai wata tsohuwar lasifika mai inci goma sha biyu, a naɗe cikin bargo. Ita ce mafi kyau da ta taɓa shiga hannuna, kuma a kanta na koya wa Auta aiki. A jikin bango na rubuta masa da alli awon akwatin da take so, na ce wata rana za mu haɗa shi tare. Goma sha shida da rabi, goma sha huɗu da rabi, goma sha uku. Allin ya goge tun tuni, ashe a kansa bai goge ba.

Ban taɓa gaya wa kowa abin da ya raba mu ba. Wata ranar kasuwa shago cike da mutane, na ce ya sauko min da ita. Ta suɓuce masa ta daki siminti, bakin ƙarfen ya tsage daidai wurin sukuru ɗaya. Na sa shi ya huda sabon huji a gefen tsagar, ina tsaye a kansa. Da ya gama, a gaban mutane na ce masa hannunsa na ɓarna ne, ba na gyara ba, kuma ba zai taɓa zama komai a wannan sana'a ba. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyu.  Ya share shago, ya jera kayan aiki, washegari ya hau mota.

Na sauko da ita, na ɗora takardarki a kan fuskarta. Huji takwas suka hau, har da na bakwai, ko gashi ba zai ratsa ba. Ba da akwati ya fara ba, 'yata. Ya zaɓi lasifikarsa tun shekara shida da suka wuce, ya yanka mata da ka, kamar yadda kike yanka wa Yaya riga. Ni ne wurin da zai je ya ɗauko.

Masu saye sun taya ta ba sau ɗaya ba, ina cewa ba ta sayarwa ba ce. Duk shekara sai na warware bargon na gwada ta. Tasa ce na ajiye, ina jira ya fara zuwa, wai ni babba. Ranar rasuwa abin da ya hana ni shiga ɗakin Yaya kunya ce, ba taurin zuciya ba. Kuma da na ce katako ne kawai, tsoron akwatin nake ji. Na yi kewarsa tun yana da rai, kuma laifina ne.

Ga ta nan na ba direba, na ce ya ɗora ta a kujerar gaba. Da na kawo da kaina, amma an hana ni hanya mai gargada sai ido ya warke. Tsagar ta kalli huji na bakwai. A ɗaura sukuru ɗaya nan ɗaya can tsallake, kada a bi su a jere, kuma kada a matse da ƙarfi. Jar waya a ɗaura ta a jan bakin da ke bayan lasifikar. A bayan amfilifayar akwai abin murɗawa da ke tace siririn sauti, ki murɗa shi har ƙarshe ta dama, muryar namiji za ta ratso. Auta yana da babbar murya. Ki nemi wani abu da aka ɗauka yana magana, ki ɗora tafin hannun Yaya a kan katakon.

Kawunki

*

Talata

Kawu,

Gaisuwa da fatan ido yana ƙara washewa. Saƙo ya iso lafiya, direba ya ce ko rami ya gani sai ya dafe ta da hannu ɗaya. Na karanta takardarka a shago, na rufe ƙofa na yi kukan da ban samu yi ba tun ranar rasuwa.

Kafinta ya zo da hantsi. Da ya warware bargon ya ga tsagar, sai ya dubi akwatin, ya dube ni. Ta shiga ramin kamar a nan aka haife ta. Ya ɗaura sukuru yadda ka ce, da ya zo na bakwai sai ya miƙo min sukundireba ya ce ni zan ɗaura. Ya shige ba gardama.

Mun fara da fim. Wurin da aka yi tsawa, kofin da ke kan tebur ya motsa, Mama ta zabura ta kama hannun kujera, ta dube ni da ido waje. Ta ce, "Hadari ne?" Na nuna mata talabijin. Ta yi murmushi, na farko cikin wata bakwai.

Wayar Auta ta farfashe a hatsarin, ni kuma duk abin da nake da shi hotuna ne. Na tambayi kafinta, ya ce akwai wani ɗan bidiyo da ya ɗauka a shagonsa don tsokana, bai iya buɗe shi ba tun da abin ya faru. Ko minti ɗaya bai kai ba. Auta yana tsugune da fensir a bayan kunne yana huda katako, ya ɗago ya yi magana, sannan ya yi dariyar nan tasa. Muka haɗa, na murɗa abin har ƙarshe, na jawo akwatin gaban Mama na ɗora tafinta a kai.

Da farko ta zuba wa fuskarsa ido. Da ya fara magana sai ta ƙara ɗayan hannun. Da ya yi dariya sai ta sauko daga kujera, ta zauna a ƙasa, ta kwantar da ƙirjinta a jikin katakon. Ta ce, "Auta ne. Dariya yake yi." Ta ce in sake. Na sake har sau tara. A na tara ta ce, "Ya ce zan ji, kuma na ji." Da rana ta ci abinci rabin kwano ba tare da na roƙe ta ba.

Ba zan ce maka ta warke ba, Kawu. Har yanzu jikin ba ƙwari, kuma wani lokacin in ta kwanta a kan akwatin kuka take yi. Na rubuta mata a takarda cewa daga wurinka lasifikar ta fito. Ta daɗe tana shafa tsagar da yatsa, sannan ta ce in gaya wa ƙaninta in idonsa ya warke ya zo, kuma wannan karon ya shigo ciki.

Mama ba ta san abin da Auta ya faɗa a bidiyon ba, motsin muryar kawai take ji. Na yi ta tunanin ko in gaya maka ko in bari, sai na ga haƙƙinka ne. Kafinta ne ya ce masa, "Malam, wannan hujin ya karkace." Auta ya ɗago ya ce, "Bar shi, ni na karkatar da shi tun asali. Ranar Lahadi zan je wurin Kawuna. Zai yi faɗa, zai ce na fara da akwati, sannan ya ba ni." Sai ya yi dariya.

Ita ta samu dariyar, kai kuma ga maganar.

'Yarka